Corolla Mai Shan Ruwa: Yadda Wani Direban Kano Ya Yi Wata 14 Yana Fama da Hitin

Mai motar

Direba ne a Kano, magidanci mai 'ya'ya huɗu. Shekara 11 ya yi yana jan motar mutane, kullum da daddare ya kai balas, abin da ya rage shi ne cefanen gobe. Unguwarmu ɗaya da shi, kuma littafin adashen da yake zubi a hannuna yake, don haka na san yadda kuɗin motar nan suka taru: kwasa biyu na adashe, da kuɗin wani ɗan fili da ya gada a ƙauyensu, da rancen da yayarsa ta ba shi ba tare da ta yanka masa rana ba.

Zaman balas ya koya masa rubutu. Yana da ƙaramin littafi a aljihun ƙofar mota, inda yake rubuta litar man da ya sha, da abin da mita ta nuna, da duk kwabon da ya ba makanike. Daga wannan littafin na ɗauko watanni da awon da ke cikin wannan bayani, da izininsa.

Burinsa shi ne ya mallaki ƙaramar mota ya riƙa ɗaukar shata zuwa Zariya da Kaduna, wani lokaci har Abuja, da safe kuma ya kai yaran gida biyu makaranta a biya shi a wata.

Maris 2023: ranar ciniki

Motar Toyota Corolla ce ƙirar 2005, wadda aka yi wa kasuwar Amurka, mai inji lita 1.8 da ake kira 1ZZ, giyarta otomatik. Ta hannu ce, ta daɗe a Najeriya, shi ne mutum na uku da zai riƙe ta a nan. Dillali ya kawo ta bayan sallar la'asar. Fenti yana sheƙi, kujeru ba yagewa, an wanke injin tas har yana ƙyalli. Suka zagaya unguwa na kamar minti goma, ba a kunna AC ba.

Abin da ya fi kwantar masa da hankali shi ne allurar zafi, wadda ke nuna hitin, wato zafin inji ya wuce kima. Duk zagayen nan ba ta ɗaga daga ƙasa ba sai kaɗan. Dillalin ma ya nuna masa ita da yatsa, ya ce, "Maigida, dubi allura. Wannan motar ba ta san hitin ba." Ya kuma lura cewa da an murɗa makulli fanka take tashi, kafin ma inji ya kama. Aka ce masa an haɗa ta darek ne, wato ta yi ta juyawa ba tsayawa, saboda zafin Kano, kuma shi kansa ya san motoci da yawa a tasha haka suke.

Ya duba takardun kwastam, ya gwada lambar shasi mai harafi da lamba 17 da ke jikin gilashin gaba da wadda ke takarda, suka dace. Aka rubuta takardar ciniki gaban shaidu biyu. A nan ɓangaren bai yi sakaci ba. Makanike ne kawai bai tafi da shi ba, don dillalin ya ce akwai wani Alhaji da zai kawo kafin alƙalami da safe. Lokacin ƙarancin takardar kuɗi ne na canjin naira, sai ya tura miliyan 2 da dubu 600 ta waya, har da la'ada. Abin da ya rage masa naira dubu 40. Inshora ta ci dubu 15, domin tun watan Janairun shekarar hukumar kula da inshora, NAICOM, ta ɗaga kuɗin daga dubu 5. Sauran ya tafi a canjin suna da mai. Juyen baƙin mai kawai aka yi wa motar, ta fita aiki a kwana na uku.

Afrilu 2023: hitin na farko

Mako uku motar tana yawo cikin gari ba wata matsala. Tafiya ta biyu zuwa Zariya, da tsakar rana, da fasinja huɗu da kaya a but, AC a kunne, sun wuce Kwanar Dangora sai ya ga allura ta haura tsakiya tana neman ja. A watan Afrilu zafin rana a wannan yankin yakan wuce digiri 40. Ya sauka gefen titi, ya jira kamar rabin awa, ya buɗe lagireto, ma'ajiyar ruwan da ke sanyaya inji. Ruwan ya yi ƙasa sosai, wanda ya rage kuma ja ne kamar ruwan kududdufi. Ya juye ruwan leda guda shida, wato kusan lita 3, a motar da duk ruwan injinta bai fi lita 6 da rabi ba.

Da ya dawo ya kai ta wurin mai lagireto. Aka cire, aka zuba garin sabulu, aka wanke da famfo har ruwa ya fito fari. Aka mayar, aka cika da ruwan burtsatse. Mai gyaran ya ce datti ne ya toshe ta. Ba a taɓa murfin lagireton ba, ba a kuma nemi inda ruwan ya bi ya fita ba.

Kwana 16 ta yi lafiya. Daga nan ya fara ƙara ruwan leda ɗaya duk bayan kwana biyu. Ya sayi jarka mai lita 4 ya ajiye a but.

Mayu zuwa Yuni 2023: fanka da lagireto

A tsakiyar Mayu ta sake yin hitin, wannan karon a gosulo cikin gari, yaran makaranta a ciki. Fanka ce ta tsaya cak. Rewaya, mai gyaran wutar mota, ya duba ya ce ɗan injin da ke juya fankar ya ƙone, aka sayo na Kwatano a Ƙofar Ruwa, aka ɗaura, aka sake haɗa ta darek kamar yadda aka same ta.

Bayan mako biyu allura ta sake ɗagawa a hanyar Kaduna. Wani makanike na biyu ya ce lagireton ce ta yi wa ƙasar nan ƙanƙanta, a sa mai layi biyu. Sabuwa ta fi ƙarfin aljihunsa, sai aka samo tsohuwa da aka ciro daga wata motar. Aka ɗaura ta, aka mayar da tsohon murfin nan a kanta, aka cika da ruwan famfo.

Ana cikin haka aka cire tallafin mai ranar 29 ga Mayu. Litar fetur ta haura naira 500 cikin kwanaki, a watan Yuli ta wuce 600. Masu ɗaukar shata suka ragu.

Damina da hunturu: hitin ya lafa, mai yana tafiya

Daga ƙarshen Yuni har Satumba motar ba ta yi hitin ko sau ɗaya ba. Gari ya yi sanyi, tafiye-tafiye sun ragu, shi kuma ya daina kunna AC don tattalin mai. Ya ɗauka sabuwar lagireton ce ta yi magani. Amma littafinsa ya nuna ƙarin ruwa bai tsaya ba: lita ɗaya zuwa ɗaya da rabi a mako.

Abin da ya fi damunsa a lokacin shi ne mai. Ya riƙa cika tanki, ya rubuta mita, ya sake cikawa ya lissafa. Mitar motar da mil take ƙirga, sai ya ninka da 1.6 ya sami kilomita. Lita ɗaya tana kai shi kilomita 9 a doguwar hanya, cikin gari kuma 7. Wani abokinsa mai irin motar yana samun 12 zuwa 13 a hanyar Kaduna. Aka canza fulogi huɗu, aka wanke nozul, aka canza matatar iska. Bambancin bai kai a faɗa ba.

A Disamba da Janairu, da sanyin asuba, allura takan kwanta a ƙasa tun daga Kano har Zariya. Wannan ya ƙara masa natsuwa. Da ya yi juye ya ga baƙin man ya yi duhu da wuri yana warin fetur, makanike ya ce a koma mai kauri, 20W-50, alhali a murfin injin 5W-30 aka rubuta. Aka koma.

Azumin 2024: gasket ya ƙone

Zafi ya dawo a Maris, azumi ya kama. A goman ƙarshe wani ɗan kasuwa ya ɗauke shi shata zuwa Kaduna da iyalinsa, suka roƙi a kunna AC saboda tsohuwa mai azumi da ke baya. Kusa da Mararrabar Jos suka shiga cunkoson manyan motoci. Hankalinsa yana kan hanya, bai ga allura ba sai da inji ya fara ƙara kamar ana kaɗa tsakuwa a gwangwani, tururi ya taso daga bonet.

Ya kashe, ya sa tsumma ya murɗe murfin lagireto nan take. Tururi ya ƙona masa wuyan hannu. Saboda magariba ta gabato kuma fasinja suna jira, ya juye jarkar ruwan sanyi a cikin injin da ke tafasa. Motar ta tashi da ƙyar tana karkarwa, ta kai su Kaduna. Washegari salansa tana fitar da farin hayaƙi, da ya zaro sandar gwada baƙin mai ya gan shi fari-fari kamar shayi da madara.

Janwe ya dawo da ita Kano. Makanike na uku ya sauke tof silinda, wato kan injin, ya nuna masa inda gasket, shimfiɗar da ke toshe tsakanin kan da jikin injin, ya cinye tsakanin silinda ta biyu da ta uku. Aka goge fuskar tof ɗin da sanfefa, aka sa sabon gasket mai araha, aka ɗaure kusoshi goma da sifana da aka zura wa bututu, yaron gareji yana ja har sai oga ya ce ya isa. Motar ta kwana tara a gareji, sallah ta wuce ba ta yi lodi ko ɗaya ba. Gidaje biyun nan na 'yan makaranta, ɗaya ya nemi wani direban.

Kwana 20 da fitowa, ya buɗe lagireto da safe ya ga kumfa yana tasowa daga ciki inji na aiki. Ana kukan targaɗe sai ga karaya. Makaniken ya ce injin ya gaji, a sayo rabin inji na Kwatano. A lokacin dala ta riga ta haura naira 1,000 da nisa, kayan gyara sun ninka, kuɗin da aka faɗa masa sun kusa kashi ɗaya cikin uku na abin da ya sayi motar. Ya zo wurina yana tambaya ko za a iya ba shi kwasar adashe kafin layinsa. Ranar na ga tabon ƙunar a hannunsa, kuma na ga mutumin da ya fara tunanin komawa balas.

Mayu 2024: gareji na huɗu

Wani tsohon direban tasha ne ya tura shi wurin wani dattijon makanike da ya taɓa aiki a garejin kamfani. Dattijon bai kwance komai ba a ranar farko. Ya ce a bar motar ta kwana ta huce.

Da safe ya fara da murɗa makulli ba tare da ya tayar ba, ya leƙa dashbod. Fitilar mai ta kama, ta batir ta kama, fitilar gargaɗin inji ba ta kama ba. Da aka ciro allon, sai ga baƙin salatif an liƙe ta da shi daga ciki. Ya jona sikana, na'urar da ke karanta matsalar mota, ta nuna P0128, lambar da ke cewa ruwan inji ba ya kaiwa zafin da aka tsara masa. Ya kwance tiyon ƙasa inda tamostat, abin da ke daidaita zafin ruwan inji, ke zama, babu komai a gurbin sai tsatsa.

Daga nan ya ɗaura wani ɗan famfon hannu mai agogo a bakin lagireto ya hura iska. Cikin minti biyu agogon ya fara sauka, ruwa ya fara ɗiga daga ƙasan wata-famfo, famfon da ke zagaya da ruwa cikin inji, ta bayan fule, inda ba a gani sai an sunkuya da tocila. Idan inji na da zafi, ɗigon yana bushewa kafin ya kai ƙasa. Ya gwada murfin lagireton da wannan famfon, bai riƙe iska ko kaɗan ba, robarsa ta tsattsage. Ya tayar da motar ta ɗan yi ɗumi, ya shafa tafin hannu a jikin lagireton mai layi biyun nan: sama da zafi, gefe guda da tsakiya sanyi ƙalau. Layukan sun toshe tun kafin a sayo ta.

Da aka sauke tof silinda, ya ɗora miƙaƙƙen ƙarfe a fuskarsa ya zura siraran reza na awo a ƙarƙashi. Mai kaurin milimita 0.15 ta shige a tsakiya. Iyakar da kamfani ya yarda da ita a wannan injin 0.05 ce. Ya auna fuskar bulok ɗin ma, wato jikin injin, ita lafiyarta lau. Ya ce masa, "Ɗana, injinka bai mutu ba. Kansa ne ya lanƙwashe."

Aka kai tof ɗin wurin masu injin sassaƙa aka daidaita fuskarsa. Aka sa gasket mai kyau, aka ɗaure kusoshin da sifana mai awo, daga tsakiya zuwa gefe, bi da bi. Aka sa sabuwar lagireto mai layi ɗaya irin ta asali, da sabon murfi, da wata-famfo, da tiyo biyu. Aka wanke hanyoyin ruwan injin har sau uku. Rewaya ya warware haɗin darek ya mayar da fanka kan rile ɗinta, yadda ƙwaƙwalwar motar za ta kunna ta in zafi ya kai, ta kashe in ya sauka. Aka zuba kulan jan nan, ruwan musamman na sanyaya inji, maimakon ruwan famfo, aka koma baƙin mai 5W-30.

Wurin tamostat ne suka yi gardama. Mai motar ya ce, "Baba, wannan ai na ƙasar sanyi ne, kowa cirewa yake." Dattijon ya ɗora tukunya a risho, ya jefa sabon tamostat ɗin a ruwa, ya ce ya tsaya ya gani. Kafin ruwan ya tafasa abin ya buɗe baki da kansa. A jikinsa an buga 82, wato a digiri 82 yake fara buɗewa. Ya yarda aka sa, amma ya gaya mini daga baya cewa zuciyarsa ba ta kwanta ba. Duka aikin bai kai rabin kuɗin rabin injin da aka ce ya saya ba. 'Yan adashe suka amince aka ba shi kwasa kafin lokacinsa.

Yuni 2024 zuwa Mayu 2025

Makon farko ya koma garejin sau biyu a tsorace, don allura tana hawa cikin minti kaɗan ta tsaya ƙasa da tsakiya kaɗan, fanka kuma tana yin shiru. Dattijon ya jona sikana ya nuna masa zafin yana yawo tsakanin 85 da 95, fanka ta tashi da kanta, ta mutu da kanta. Ya ce nan ne gidan allurar, in ta bar wurin ko sama ko ƙasa, a zo.

Littafin ya nuna kilomita 12 a lita a hanyar Kaduna, 9 zuwa 10 cikin gari. Daga Kano zuwa Kaduna da dawowa kusan kilomita 460 ne. A da yana ƙona lita 51, yanzu 38. A shekara guda, kulan da ya ƙara bai kai rabin lita ba. Motar ta ratsa zafin Maris da Afrilun 2025 da AC a kunne, har da tafiya Abuja sau huɗu, allura ba ta gusa ba. Ya biya yayarsa rabin kuɗinta.

Abin da ya jawo, da abin da ya yi magani

Cutar motar tun ranar ciniki abu uku ne ƙanana: wata-famfo mai ɗiga, murfin da ba ya riƙe iska, da lagireton da tsatsa ta cike. Murfin nan da ba wanda ya kalla har gareji uku yana da aiki babba. Shi ke matse ruwan don kada ya tafasa a digiri 100, in da kulan a ciki sai ya haura 120 bai tafasa ba. Idan ya saki, ruwa yana tafasa da wuri, ya bi ta tiyon rara ya zube, inji ya rage ruwa, zafi ya ƙaru. Kuɗin murfin bai kai na lita goma na fetur ba. Ruwan famfo da na burtsatse kuma su suka haifi tsatsar da ta toshe layuka ta ci wata-famfo, domin babu maganin tsatsa a cikinsu kamar yadda yake a kulan.

Cire tamostat da haɗa fanka darek ba su ne suka kawo hitin ba, kuma ban ga adalci a ɗora musu wannan ba. Abin da suka yi shi ne ɓoye shi. Mai motar na baya ya ga alamar hitin, aka cire abin da ke daidaita zafi, aka liƙe fitilar da za ta yi ƙorafi, allura ta kwanta, mota ta sayu. Farashin wannan ɓoyon shi ne man da aka yi ta ƙonawa, saboda ƙwaƙwalwar mota in ta ga inji da sanyi ƙara masa fetur take, ragowar kuma ya gangara cikin baƙin mai. Fankar da ta ƙone a Mayu ma aikin da ba hutu ne ya gajiyar da ita.

Gyara uku na farko sun faɗi ne don kowanne ya tsaya kan abin da ido ya fara gani. Ba na zargin masu gyaran da mugunta, da kayan aikin da ke hannunsu suka yi, kuma mai motar kansa kullum mafi araha yake nema saboda aljihu. Na huɗun ya yi nasara don ya auna kafin ya kwance: famfon hannu, miƙaƙƙen ƙarfe, sikana, tafin hannu a jikin lagireto. Gasket na biyu ya zauna saboda an daidaita fuskar da zai kwanta a kai.

Kason mai motar a ciki, a ganina, wuri uku ne. Ya kashe duk abin da ya tara a kan ciniki, bai bar na duba mota da gyaran farko ba. Ya yi wata 11 yana ƙara ruwa yana rubutawa a littafi, bai tambayi kowa inda ruwan ke zuwa ba. Sannan ya juye ruwan sanyi a injin alminiyom mai tafasa a Mararrabar Jos, kuma ina kyautata zaton a wannan yammacin ne tof silinda ya lanƙwashe. Na ukun ne kawai nake masa uzuri, don na san nauyin tsohuwa mai azumi a kujerar baya da rana tana faɗuwa. Na farkon kuwa har da ni a ciki: ni na miƙa masa kwasar adashen a Maris 2023, na san nawa ne a hannunsa, na ji farashin motar, ban ce masa ya nemi ta ƙasa da haka ya bar dubu 200 a gefe ba.